Amsar da Na Ba Maginan Gwargwado

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasashe, waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba, ya raba wa bayinsa ƙarfi da rauni yadda ya so. Ni ne Dogara ɗan Mantau, mutumin Tudun Ƙira, a ƙasar da rana biyu ke fitowa, ɗaya fara ɗaya ja. Na yi yawo, na ga abin da ido bai saba gani ba, na kuma yi abin da har yau bakina ba ya son faɗa. Amma zan faɗa, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Mai wurin zama ya zauna, mai sauri ya yi gaba, ba zan kira shi ba.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da yayata Tasalla. Ita ta goye ni, ita ta ciyar da ni da ginin tukwane har na zama mutum. Maginiya ce wadda in ta ƙwanƙwasa tukunya sau ɗaya da ɗan yatsa za ta gaya maka inda tsaga take, ko da ido bai gan ta ba. Tana da shekara arba'in sai yanar ido ta fara rufe mata gani, hagu da fari, sannan dama, har ta kai ba ta bambance farar rana da ja sai da zafinsu. Ba ta taɓa yin kuka a gabana ba. Abin da kawai ta ce shi ne tana so ta sake ganin launin tukunya lokacin da aka fito da ita daga wuta.

Wasu fatake suka ba mu labarin Birnin Gwargwado. Suka ce a cikinsa akwai wani marmaro, duk makahon da ya wanke fuska da ruwansa zai gani. Sai dai ruwan ba ya ɗaukuwa, kana fita da shi ya koma yashi, don haka dole mai ciwon ya je da ƙafarsa. Tsakanin bakin birnin da marmaron kuma ƙofa uku ne, kowace da masu gadinta.

Da na ji maganar masu gadi sai na ce wannan aikina ne. Shekara uku na yi ina shiri. Na koyi takobi, na koyi harbi, na ƙera wa kaina sulke da kwalkwali, na shiga yaƙi biyu da ba nawa ba don kawai hannuna ya faɗa. Kowace kaka Yaya Tasalla sai ta ce mu tafi haka nan, ni kuma in ce ta ƙara haƙuri, ban gama ƙarfi ba tukuna.

Wata bakwai muka yi a hanya. Mun haye Tekun Gishiri a bayan kunkuru mai faɗin rumfar kasuwa, mun ratsa dajin da itatuwansa ke tashi su bi inuwar matafiyi. Ba zan tsaya kan waɗannan ba, don babu wanda ya cuce mu a can. Tana riƙe da gefen rigata, muna tafe tana yi mini tsiya, wai ƙarar sulkena ta isa ta kori namun dajin ƙasa uku.

Birnin Gwargwado duk na yumɓu ne, magina ne kuma ke mulkinsa. A bakin babbar ƙofa akwai wani ma'auni da ya fi ɗaki tsayi. Mai son shiga zai hau gefe ɗaya, su kuma su yi ta tara curin yumɓu a ɗaya gefen har su yi daidai, da wannan yumɓun ne ake gina masu gadin da zai fuskanta. Shugabar maginan wata tsohuwa ce mai suna Gwamma, hannunta duk ya tsattsage da aiki. A saman ganuwa kuma akwai doguwar rumfa inda waɗanda suka taɓa wuce ƙofofin ke zaune, ana ciyar da su, suna kallon masu shiga. 'Yan rumfa ake ce musu, babbansu wani jan mutum ne, Jatau.

Yaya tana lalube a jikin ganuwa sai hannunta ya faɗa kan wata 'yar ƙofa da aka toshe da tubali. Ta tambaya, aka ce mata Ƙofar Sauƙi ce, ta nan marasa ƙarfi ke shiga a da, amma an daɗe da rufe ta. Ban tsaya jin dalili ba, hankalina yana kan ma'auni.

Na hau da sulkena da garkuwata da komai. Da yumɓu ya yi daidai da ni, Gwamma ta ɗaga kai ta ce, "Ɗana, akwai abin da ma'aunin bai gani ba?"

To, a ƙasarmu in namiji ya iso ƙofar baƙi da kayan yaƙi, kirari yake yi. Kowa kuma ya san kirari ba a ɗaukarsa yadda ya fito, wanda ya kashe uku zai ce talatin, masu ji su rage a zuci, a rabu lafiya. Ban san a Gwargwado ba a ragewa ba. Na dubi 'yan rumfa, na buɗe murya. Na ce ni ne gatarin da ke sare dutse, na ce kibiya goma sha biyu ta taɓa tasar mini lokaci guda na kauce, na ce na kama mutum huɗu da hannu biyu, na ce duk duniya babu mai kayar da ni sai in an samo wani ni. Kowace magana na yi, tsohuwar ta gyaɗa kai, a ƙara curi. Ina kallon tsibin yana hawa, kaina yana kumbura, wai ni ake girmamawa.

Yaya Tasalla kuwa ba a auna ta ba. Gwamma ta ce ba sai an yi ba, na ɗauka ladabi ne ga mace. Daga nan ta ba mu duwatsun wuya uku na yumɓu a zare ɗaya. Ta ce wanda ya faɗi matacce, in aka fasa ɗaya a ƙirjinsa zai tashi garau. Uku ne ga kowane ayari, ko mutum ɗaya ne ko goma. Na rataya wa Yaya su a wuya, na ce ta ajiye, ba za mu bukace su ba.

Washegari da sassafe aka buɗe ƙofa ta farko. Fili ne mai ginshiƙai, a ƙarshensa maharba goma sha biyu na yumɓu. Kwarina yana cin kibiya ashirin, na harbe su duka, na fasa uku daga cikinsu. Su kuwa kwarinsu ba ya ƙarewa. Na zuba ido na gani, maharbi zai zaro kibiya, wata ta tsiro a gurbinta. Ba sa saiti, ba sa gajiya, in na ɓuya a bayan ginshiƙi sun san wanne ne tun kafin in numfasa. Zuciya ta ɗebe ni na fita da gudu da garkuwa, ban yi taki goma ba na faɗi.

Mutuwa sanyi gare ta, abin da zan iya gaya muku ke nan. Na farka na ga Yaya durƙushe a kaina, ta ja ni da ƙafa zuwa bayan ginshiƙi, garin dutse ɗaya a tafin hannunta. Daga saman ganuwa ina jin dariya. Dariyar nan ce ta sake tashe ni, tana kirana na yi kunnen uwar shegu da ita, na sake fita, na sake faɗuwa. Haka dutse na biyu ya tafi.

Wannan karon da na farka ta riƙe idon sawuna gam. "Zauna, Dogara," ta ce. "Ka bar ni in ji."

Ta kasa kunne na ɗan lokaci, tana motsa leɓe. Sannan ta ce waɗannan ba su da hankali, kiɗa ɗaya suka iya, kamar mata masu lugude. Sau biyar suke saki tare, sai su tsaya gwargwadon numfashi uku, sai su sake. Muka bi lissafinta, tana ƙirgawa ina jan ta daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, har muka wuce ta tsakaninsu ba su ko waiwayo ba. Ina jin Jatau yana cewa wannan ba faɗa ba ne, rarrafe ne.

A ƙofa ta biyu wani ƙato muka tarar, tsayinsa ya yi mutum uku, da hannu huɗu. A nan na fara gane inda kirarina ya tafi. Na sare shi, wurin ya haɗe kafin in zare takobi. Dafin da na shafa wa takobin yana kayar da ɓauna, shi ko a jikinsa, amma farcensa da ya ɗan karce ni a kafaɗa sai da hannuna ya mutu har gwiwa. Tun hantsi nake zagaya shi, numfashina yana ƙarewa, shi kuwa kamar yanzu ya fara. Na tsaya ina zagin wanda ya gina shi, na ce wace irin ƙa'ida ce wannan, abin da ke cina ba ya cin sa.

Yaya tana rakuɓe a bakin ƙofa ta ce in sake sara ta ji. Na sara. Ta ce sautin ya mutu, ɗanye ne, ba a gasa shi ba. Ta miƙo mini salkar ruwanmu ta ce in zuba masa a ƙafa. Na zazzage ta duka a idon sawunsa, na zagaya shi sau biyu, sai ƙafafun suka saki kamar tuwon da bai nuna ba. Ya kife, amma a kaina ya kife.

Na riga na gaya mata tun a ƙofar farko cewa dutsen ƙarshe nata ne, ko me ya same ni kada ta taɓa shi. Da na buɗe ido na ga zaren wuyanta babu komai a jiki. Na yi mata faɗa, ni da aka tasa sau uku. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in na gama a tashi, rana tana yi.

Sai dai ƙofa ta uku ba ta buɗe ba. A saman ganuwa hayaniya ta kaure, Jatau yana cewa zuba ruwa maguɗi ne, in aka bar wannan gobe kowace mai tallan koko za ta wuce. Muka zauna, farar rana da ja suna dukanmu, babu ruwa, ƙofar baya a kulle. Can sai hayaƙi ya tashi daga bayan bango. Yaya ta shaƙi iska ta ce, "Suna gasa mai gadin gaba."

Na ɗaga murya na kira Gwamma, na ce Inna, ana canza doka bayan an fara wasa? Ta leƙo ta ce muddin ƙofa ba ta buɗe ba, magini yana da ikon gyara aikinsa. Ba ta faɗe shi da izgili ba, da ma ta yi, da na samu wanda zan tsana tun a lokacin.

Sai la'asar aka buɗe. Mai gadi ɗaya ne, tsayinsa tsayina, faɗinsa faɗina, da sulke da takobi irin nawa, jikinsa ja wur yana fitar da zafi. Na ce babu mai kayar da ni sai wani ni, to ga shi an samo. Amma ni na yini ina faɗa, maƙogwarona ya bushe, hannuna ɗaya bai gama dawowa ba. Shi kuwa yanzu ya fito daga wuta, kuma duk abin da na yi ƙaryar iyawa shi ya iya da gaske. Sara uku na farko da ƙyar na tare su.

Yaya ta ce daga bayana, abin da aka gasa da gaggawa ba ya rasa tsaga, in buga shi ta ji. Na samu na doki garkuwarsa, ta ce ba nan ba. Na doki kwalkwali, ta ce in sake. Na doki haƙarƙari, sai ta ce, "Ƙarƙashin hammatar hagu."

Abin da ban sani ba, maginan sun koya masa abu guda da sauran ba su sani ba. Sun ga wanda ke cin ƙofofin nan, kuma ba ni ba ne. Yana jin muryarta ya bar ni tsaye, ya juya ya nufe ta. Na bi shi, ya ɗaga hannu, na ga tsagar siririya kamar gashi, na soka takobi a ciki. Ya tarwatse kamar tulun da ya faɗo daga kai. Numfashi ɗaya na makara, takobinsa ya riga ya same ta.

Na tallafe ta. Ta ce, "Na gaya maka sun yi gaggawa." Sannan ta tambaye ni ko akwai sauran nisa. Na ce taki arba'in ne, Yaya, ga shi can ina jin ƙararsa. Na goye ta yadda ta goye ni, ina tafe ina ƙirga mata takin da ƙarfi. Ban san a na nawa ta daina ji ba.

Na kwantar da ita a bakin marmaron na wanke mata fuska. Fatake ba su yi ƙarya ba. Ina kallo yanar ta narke, idanunta suka fito baƙaƙe, tas, yadda na san su ina yaro, suna kallon sama ba sa ganin komai. Na kifa fuskata a cikin ruwan na yi kuka, ban kula da cewa nawa idon ma yana shan ruwan ba. Da na ɗago sai na ga ina iya ƙirga gashin tsuntsun da ke shawagi can ƙololuwa.

A nan Gwamma ta same ni. Na zazzage mata duk abin da ke cikina, kwarin da ba ya ƙarewa, da dafin da ke cin gefe ɗaya, da mai gadin da aka gasa ana tsakiyar faɗa. Ta saurara har na yi shiru. Ta ce yumɓu ba shi da wayo, in aka bar shi daidai da mutum, mutum zai ci shi kullum, shi ya sa ake ƙara masa abin da mutum ba shi da shi. Amma yawan ƙarin ba magina ke yanke shi ba. Duk wanda ya wuce ana yi masa tambaya ɗaya a gaban jama'a, yaya ya ga ƙofofin. In ya ce da wuya, a rage sulusin yumɓu, a buɗe Ƙofar Sauƙi. In ya ce da sauƙi, a ƙara. Shekara arba'in tana wannan aiki, ba ta ji wanda ya ce da wuya ba.

Na tambaye ta me ya sa ba a auna Yaya ba. Ta ce da mafi ƙarfin ayari ake yin awo.

Na ce, "Inna, da ita kaɗai ta zo fa?"

"Da masu gadinta ba su wuce gwiwarka ba," ta ce. "Da kunnen nan nata, da ta wanke ido kafin hantsi."

Da safe muka binne Yaya a bayan marmaron, aka hau da ni saman ganuwa. An tara jama'a, makaɗa suna jira. Daga can sama, da sabon idona, na hango layin masu jiran awo a bakin birni. Na gaba a layin wani siririn mutum ne, da gani manomi, ba shi da ko wuƙa, yana jan wata tsohuwa makauniya da sanda. Yana gyara mata mayafi, tana ture hannunsa, suna dariya.

Na san abin da ya kamata in faɗa, kada wani ya yi mini uzuri. Kalma biyu ce, kuma gaskiya ce. Amma ina kallon tsohuwar nan sai wani abu ya taso mini. Na ga za ta shiga ta 'yar ƙofa, ta taka wurin da jinin Yaya bai gama bushewa ba, ta wanke ido, ta koma gida tana kallon jikokinta. Na ga za a riƙa cewa ai ƙofofin Gwargwado ba wani abu ba ne, wata maginiya ce dai ta yi rashin sa'a kwana ɗaya kafin a sassauta. Na ji ba zan iya ɗaukar wannan ba. In Yaya ba ta gani ba, me ya sa wata za ta gani a banza?

Gwamma ta ce, "Dogara ɗan Mantau, yaya ka ga ƙofofin?"

Na ce, "Da sauƙi."

Kiɗa ya tashi. Jatau ya rungume ni, ya matsa mini wuri a kan tabarmarsa. Gwamma ba ta yi mamaki ba, ta dai dube ni yadda ake duban tukunyar da aka san za ta fashe. Da za ta sauka ta tsaya kusa da ni ta yi magana a hankali.

"Haka Jatau ya ce, ranar da ya binne ɗansa."

Na juya na dubi 'yan rumfa ɗaya bayan ɗaya, su wajen sittin. Sai a lokacin na lura babu wanda ke zaune kusa da ɗan'uwansa ko matarsa, kowa shi kaɗai ya fito.

Kafin azahar na sauka na sami Gwamma, na ce na janye, ƙarya na yi. Ta nuna mini maginan suna cuɗa yumɓu da ƙafa, ta ce an riga an zuba, amsa ɗaya ake karɓa daga bakin mutum. Na ruga bakin birni in tare manomin, na tarar an auna shi, an rufe su a ɗakin jira. Washegari ina kan ganuwa aka buɗe musu ƙofar farko. Manomi ne, yumɓunsa kaɗan ne, maharba huɗu kawai aka gina masa. Amma saboda amsata an cire musu tsayawar nan ta numfashi uku. Na ga komai, babu abin da ya ɓace mini, marmaron ya yi aikinsa.

Ban koma rumfa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a wannan tudu, kan hanyar da ke shiga Gwargwado, ina tare matafiya. Ina ce musu su tuɓe sulke, su rufe baki a kan ma'auni, mai ƙarfi ya tsaya a waje ya bar mai ciwo ya shiga shi kaɗai, wanda kuma Allah ya fitar ya faɗi gaskiya in an tambaye shi. Wasu suna saurara. Yawanci sukan dubi tabon da ke jikina su ce wanda ya riga ya sha ne yake yi wa na baya rowa. A cikin shekarun nan mutum tara sun wuce, ina hango makaɗan daga nan, Ƙofar Sauƙi kuma tana nan a toshe.

Iyakar hikayata ke nan, ku da kuka zauna kun ji, sauran ya rage naku. In kun isa ƙofar farko, ku duba gindin ginshiƙi na biyu daga hagu. Sandar tsohuwar nan tana wurin, ba wanda ya ɗauke ta. Tsakanina da ita tafiyar yini guda ce, amma daga nan ina ganinta sarai, har da wurin da tafin hannunta ya goge ya yi santsi.